An Sallami Ƙanena Daga Asibiti, Amma Ya Ce Har Yanzu a Ɗaure Yake

Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila tare da ƙanena, ɗan shekara 27, bai yi aure ba, iyayenmu suna Kano. Bara ya kamu da taɓin hankali, yana jin muryoyi, aka tsare shi a asibiti wata huɗu a ƙarƙashin sashe na 3 na dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Wata biyar ke nan da sallamarsa bisa wani umarni da suke kira CTO, wato umarnin ci gaba da jinya a gida bisa sharuɗɗa, ana yi masa allurar paliperidone duk wata. Muryoyin sun tafi, alhamdu lillahi. Amma ya ƙara kilo 14, ba ya iya zama wuri guda, kullum safa da marwa yake a falo, kuma ya ce an sake shi ne da igiya a ƙafa kamar akuyar turke. Ya ce ni 'yar rahoton nas ce, don idan ya ƙi tashi zuwa allura nakan ce zan kira su su zo su tafi da shi. Umma ta ce mu sako shi jirgi a yi masa ruƙiyya a gida. Shi kuma ya rantse allurar wata mai zuwa ba za ta shiga jikinsa ba. Yaya zan yi?

'Yar'uwarku daga Ingila

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Za mu fara da abin da ƙila zai yi miki nauyin ji: ƙorafin ƙanenki ba alamar ciwon ya motsa ba ne. Abin da yake faɗa shi ne abin da masu zama ƙarƙashin wannan umarni suke faɗa duk inda aka zauna aka saurare su. Sukan ce ya fi kwanciya a asibiti, kowa ya fi son gadonsa. Amma sukan ƙara da cewa duk jinyar ta koma zancen allura, ba wanda ke tambayar aiki ko karatu ko aure, kuma suna kwana suna tashi da tsoron cewa da zarar sun saɓa za a zo a kwashe su. Iyalai kuwa galibi sun fi son umarnin, don yana ba su damar runtsawa da daddare. Kowa da gaskiyarsa, amma jikin da allurar ke shiga nasa ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba wai rashin godiya ke sa shi tambayar amfanin abin ba. Masana ma sun tambaya. Umarnin ya fara aiki a Ingila da Wales a Nuwamban 2008, bayan gyaran da aka yi a 2007 wa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983. Wata tawaga daga Jami'ar Oxford ƙarƙashin Farfesa Tom Burns ta ɗauki majinyata 336 ta raba su gida biyu da ƙuri'a: wasu aka sallame su da CTO, wasu da ɗan gajeren izinin fita daga asibiti. Sakamakon ya fito a 2013. Bayan wata 12, kashi 36 cikin 100 na kowane ɓangare ya koma gadon asibiti, babu bambanci. An bi su har shekara uku, labarin bai canza ba. Sannan kwamitin Sir Simon Wessely da ya duba dokar a 2018 ya nuna cewa ana ɗora wa baƙar fata wannan umarni fiye da ninki takwas na yadda ake ɗora wa farar fata. Don haka idan ya ce yana jin ana yi masa wani kallo daban, kada ki ce masa zargi ne.

Sai dai a lura da kyau. Binciken ya nuna tilastawar ce ba ta ƙara komai ba. Bai ce maganin ba ya aiki ba. Maganin ne ya kashe muryoyin, kuma mafi yawan waɗanda suka yanke shi bayan kamuwar farko ciwon yakan dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Aikin da ke gabanki shi ne ki taimaka masa ya raba abu biyun nan a zuciyarsa, igiyar daban, maganin daban. A yanzu ya haɗa su ya tsane su tare.

Ku ɗauko takardar umarnin, fom ɗin da aka rubuta CTO1 a kansa, ku karanta tare. Za ki ga igiyar ba ta kai tsawon da kuke zato ba. Sharuɗɗa biyu ne kawai doka ta wajabta: ya bayyana idan likitan da ke riƙe da shi zai duba shi don sabunta umarnin, kuma ya bayyana idan an turo likita na biyu mai zaman kansa ya duba maganin. Saɓa ɗayan waɗannan ya isa a kira shi asibiti. Sauran sharuɗɗan, irin su karɓar allura, zama a adireshi kaza, ganin nas, barin wiwi, likita ne ya ga dacewar sa su, kuma saɓa su kaɗai ba hujjar mayar da shi ba ce. Sai likita ya gamsu cewa yana bukatar jinya a asibiti, kuma akwai haɗari ga lafiyarsa ko ga shi kansa ko ga wasu idan ba a kira shi ba. Kotun Ƙolin Birtaniya ma ta yanke a Disamban 2018 cewa ba a yarda sharuɗɗan su kai ga tsare mutum a gida ba.

Game da tsoron a zo a danne shi a falo a tsira masa allura: muddin yana da hankalin fahimtar bayanin maganin da auna shi, ya kuma ce a'a, doka ba ta yarda a yi masa da ƙarfi a gida ba. Amma kada mu ruɗe shi. Idan ya ƙi, kuma likita ya ga alamun da suka kai shi asibiti bara suna dawowa, zai rubuta takardar kira, fom CTO3. Idan an miƙa masa hannu da hannu ta fara aiki nan take. Idan an jefa ta ƙofa, sai washegari. Idan ta gidan waya ce, sai ranar aiki ta biyu. Idan bai je ba, ana iya zuwa da 'yan sanda, kodayake shiga gida da ƙarfi sai da takardar izinin majistare. A asibiti ana iya riƙe shi har awa 72, kuma a can ana iya yi masa allurar ko bai yarda ba. Kafin awa 72 su cika, ko dai a sake shi ya dawo gida a kan umarnin, ko a soke umarnin ya koma tsarewar sashe na 3, wata shida sabo fil. Wannan na ƙarshen shi ne abin gudu, kuma hanyar da ya rantse zai bi can take kaiwa.

Akwai wani tarko a allurar da ya kamata ku sani. Paliperidone na wata-wata ba ya fita daga jiki da wuri, yakan ɗauki kwana 25 zuwa 49 kafin rabinsa ya fita. Wanda ya daina sai ya ga wata ɗaya, biyu, uku yana garau, har jiki ya yi masa sauƙi, sai ya ce ai dama lafiyarsa ƙalau. Alhali ragowar maganin ne ke riƙe da shi. Ciwon sai ya dawo a lokacin da kowa ya saki jiki. Ku kuma san cewa ana iya yin allurar kwana bakwai kafin ranarta ko bayanta ba tare da matsala ba, don haka makara ta kwana biyu ba abin tayar da jijiyar wuya ba ce. Idan kuwa aka wuce mako shida, sai an sake ɗora shi da allura biyu, mako guda a tsakani.

Yanzu ga inda muka fi so ki sa ƙarfinki, wato jikinsa. Wannan safa da marwa da kika ambata ta fi ƙibar tayar mana da hankali. Likitoci suna kiranta akatisiya. Wata irin ƙaiƙayin rashin natsuwa ce daga cikin ƙafafu da ƙirji, mutum ya kasa zama, ya kasa tsayuwa a sahu, ko cin abinci sai a tsaye. Masu fama da ita sukan ce ta fi muryoyin azaba, kuma tana daga cikin manyan dalilan da ke sa mutane gudun magani, wasu har takan kai su ga tunanin kashe kansu. Abin da ke yawan faruwa shi ne a ɗauka ciwon ne ya motsa, sai a ƙara magani, abin ya ƙara muni. Kada ku jira ranar allura. Ku kira nas ɗin da ke kula da shi cikin wannan makon, ku ce kuna so likita ya duba shi kan akatisiya, ku faɗi sunan. Matakin farko shi ne rage awon allurar. Ana ba da ita daga miligiram 25 zuwa 150, kuma 75 ne awon da aka saba zaunar da mutum a kai, don haka ku tambayi nawa ake yi masa. Ana kuma ba da propranolol, in dai ba shi da asma. Procyclidine da ake yawan bayarwa yana maganin sandarewar jiki da karkarwa, amma bai cika taɓuka komai kan wannan ba. Ki tambaye shi kai tsaye, a natse, ko tunanin cutar da kansa yana zo masa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, ki kira lambar neman agajin lafiya 111 ki zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, in kuwa abin na gaggawa ne 999.

Kilo 14 cikin 'yan watanni ya wuce misali. Likitoci suna ɗaukar ƙarin kashi 7 cikin 100 na nauyin mutum a matsayin abin da sai an yi wani abu a kai. Haƙƙinsa ne a auna nauyinsa da faɗin ƙugunsa da hawan jini, a gwada sukari da kitsen jini, a farkon magani, bayan mako 12, sannan duk shekara. Ku nemi a ba ku sakamakon a rubuce. Ana ba wasu metformin don tsayar da ƙibar. Akwai kuma abin da ba zai taɓa faɗa wa yayarsa ba: wannan magani yana ɗaga wani sinadarin jiki mai suna prolactin, wanda ke kashe sha'awa da ƙarfin namiji, wani lokaci har ƙirji ya kumbura. Saurayi ɗan 27 da ke tunanin aure ba zai yi shiru da wannan a ransa ba, zai dai yi shiru da bakinsa. Ki nemi a haɗa da gwajin prolactin ba tare da kin yi masa bayanin dalili ba, ki kuma bar shi ya ga likita namiji shi kaɗai na ɗan lokaci. Akwai takardar tambayoyi 22 mai suna GASS da majinyaci ke cikewa da kansa kan illolin magani. Ya nemi nas ta ba shi, rubutu ya fi sauƙi a inda kunya ta hana magana.

Ba allura ɗaya ce a duniya ba. Aripiprazole na wata-wata ba ya cika sa ƙiba ko ɗaga prolactin, amma shi ma yakan jawo rashin natsuwar nan, don haka sai an auna. Akwai paliperidone na wata uku-uku ga wanda ya zauna lafiya a kan na wata-wata aƙalla wata huɗu, sau huɗu ke nan a shekara maimakon goma sha biyu, sai dai idan illa ta zo ita ma takan daɗe, shi ya sa ba a komawa kansa kafin a gyara awon. Akwai kuma komawa ƙwaya. Ko zaɓin a yi masa a dantse ko a ɗuwawu, a gida ko a asibiti, mace ko namiji ya yi, duk abin tattaunawa ne. Waɗanda suka fi zama lafiya da maganinsu su ne waɗanda aka ba zaɓi a cikinsa.

Wata biyar da kika ce yana nufin lokaci ya matse. Umarnin farko wata shida ne, a sabunta shi wata shida, daga nan shekara-shekara. Dole likita ya duba shi cikin wata biyun ƙarshe, kuma ba zai iya sabuntawa ba sai jami'in da ake kira AMHP, wanda galibi ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, ya sa hannu. Wannan zama shi ne damarsa. Kada ya shiga da fushi kawai, ya shiga da takarda. Ya rubuta illolin da ranakun da suka fara, maganin da zai yarda ya ci gaba da shi ba tare da tilas ba, alamun da ke nuna ciwonsa na dawowa, kamar kwana biyu ba barci ko rufe kansa a ɗaki, da wanda ya yarda a kira idan an gan su. Sannan ya yi wa likita tambaya ɗaya: me kake so ka gani, na tsawon wane lokaci, kafin ka cire ni? A rubuta amsar a tsarin jinyarsa. Likitan yana da ikon cire umarnin kowace rana, kuma ta nan ne fita ta fi sauƙi. Idan yana taɓa wiwi, ku sani ita ce ta fi komai jinkirta wannan rana.

Yana da 'yancin samun mai tsaya masa kyauta, wanda ake kira IMHA, ba ma'aikacin asibitin ba ne, aikinsa ya raka shi zama ya tabbatar an ji muryarsa. Yana kuma iya kai ƙara gaban kotun musamman ta lafiyar ƙwaƙwalwa sau ɗaya a kowane zango na umarnin, da lauya kyauta ba tare da an duba aljihunsa ba. Mutum uku ke zama: alƙali, likitan ƙwaƙwalwa daga waje, da wani masani. Damar wannan zango za ta wuce idan wata shida suka cika bai nema ba, don haka ya cike fom yanzu. Kotun ba ta iya sauya sharuɗɗa, cirewa take yi ko ta bari, kuma gaskiya kaɗan take cirewa. Amfaninta shi ne tana tilasta likita ya rubuta hujjojinsa, lauya ya yi masa tambayoyi a kai, kuma sau da yawa a nan ake samun sassauci tun kafin ranar zama. Manajojin asibiti su ma suna da ikon sallama, kuma dole su duba lamarin duk lokacin da aka sabunta.

Ke ma kina da wani iko da ƙila ba a faɗa miki ba. Doka tana da jerin wanda take kira dangi mafi kusa: miji ko mata, sai 'ya'ya, sai iyaye, sai 'yan'uwa. Amma dangin da ba mazauna Birtaniya ba ana tsallake su, kuma wanda yake zaune da majinyacin ana fifita shi. Tunda Baba da Umma suna Kano, bisa dukkan alamu ke ce. Kina iya rubuta wa manajojin asibiti cewa kin ba da umarnin a sallame shi, da sanarwar awa 72. Likita zai iya tare wannan ne kawai idan ya rubuta cewa zai zama haɗari ga kansa ko wasu, kuma in ya tare, sai bayan wata shida za ki sake, kodayake kina da kwana 28 ki kai maganar kotu. Ba mu ba ki shawarar ki yi amfani da shi yanzu ba, alhali ya rantse zai yanke magani. Amma ki faɗa masa kina da shi, da sharaɗin da za ki sa hannu. Gyaran dokar da aka kai majalisa a Nuwamban 2024 ya tanadi majinyaci ya zaɓi wakilinsa da kansa, kuma a hankali ake aiwatar da irin wannan, don haka ku tambayi lauyan abin da ke aiki a lokacin.

Maganar "zan kira su" kuwa, ki bar ta daga yau. Mun san tsoro ne ke sa ki, kin ga abin da ya faru bara. Amma duk lokacin da kika faɗe ta kina tashi daga yayarsa kina komawa mai gadinsa, kuma ranar da muryoyin suka dawo ke ce ta ƙarshe da zai gaya wa. Ki zaunar da shi, ki ba shi haƙuri, ba ya rage miki girma. Ku yi yarjejeniya: ba za ki faɗa wa nas komai ba sai kin fara faɗa masa, sai fa idan rai na cikin haɗari. Tuna masa ranar allura aikin ma'aikatan ne, ki bar musu. Ki riƙa yi masa hirar da ba ta magani ba. Kulawar bayan sallama da sashe na 117 na dokar ya tanada kyauta ce gare shi, kuma ta haɗa da abin da zai hana shi komawa asibiti, don haka ku nemi zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, da zaman iyali, da taimakon komawa aiki ko makaranta. Ke ma ki nemi ƙaramar hukumarku ta duba bukatunki a matsayin mai jinya.

Sai maganar Umma. Ki gaya mata da ladabi cewa ruƙiyya ba ta bukatar tikitin jirgi. Ana yi masa a nan, shi ma yana yi wa kansa, kuma addu'arta daga Kano tana isowa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Abin da muke tsoro shi ne a kai shi inda za a ce ya zubar da magani, ko inda ake ɗaure mutane. Ba mu manta da gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Wanda ke kukan igiyar takarda ba za a kai shi ga ta ƙarfe ba. Idan azumi ne damuwarta ko tasa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta bayyana cewa allurar magani da ba ta abinci ba ba ta karya azumi.

Ziyara gida kuwa ba haramun ba ce, in shi yana so, kuma ganin mahaifiya magani ne. Umarnin bai ƙwace masa fasfo ba, amma tafiya ba tare da sanin likita ba za ta iya saɓa sharuɗɗa, kuma zai iya dawowa ya tarar da takardar kira. Ku nemi yardar likita a rubuce, bayan an daidaita maganin. A tsara tafiyar ta faɗa tsakanin allura biyu, ya tashi kwana ɗaya ko biyu bayan an yi masa, ya dawo cikin mako uku. Ya riƙe wasiƙar likita mai sunan maganin na asali da awonsa da ranar allurar ƙarshe, don sabbin allurai irin tasa suna da tsada a Najeriya kuma ba ko'ina ake samu ba. Kafin ya sauka, wani a gida ya san hanyar sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, kuma a gaya wa Umma alamun nan da ya rubuta da hannunsa.